Bammin da Hanatu Ta Haɗa

Idan ka shiga unguwar Dilimi a Jos kana tambayar gidan Hammajoda mai shanu, sai an yi ta kame-kame. Amma ka ce gidan Hanatu mai haɗi, yanzun nan za a nuna maka ƙofar. Shi Hammajoda ya daɗe da haƙura da wannan, ya ce ba komai, ai shi ke fara ɗanɗanawa.

A ruga aka haifi Hanatu, can bayan Bukuru, ta tashi da ƙwaryar nono a ka. Aure ne ya kawo ta cikin Jos, ta tarar da abarba da kwakwa da ake saukewa daga kudu, kayan da a da sai dai ta hango su a kan mota. Wani azumi zoɓo ya gundure ta, ta markaɗa abarba da citta ta zuba a ciki, maƙwabta suka sha suka dawo da kwanuka. Daga nan ba ta sake zama lafiya ba. Yau mangwaro da lemon tsami da na'ana'a, gobe kankana da citta, jibi gwanda da madarar kwakwa. Takan shafa lemon tsami a bakin kofi ta dangwala shi a sukari, ta maƙala yankin abarba a gefe. Ba ta sa kala, ba ta sa garin lemo na leda, kuma in ka ce a ƙara maka zaƙi sai ta ce ka je ka sayi rake. Ran da 'yarta Zakiyya ta nuna mata a waya cewa manyan otal suna da wani sunan Turanci ga irin wannan haɗi, ta taɓe baki ta ce su suka sani, ita dai haɗi take yi.

Hanatu na da aminiya, Nneoma, matar Oga Benedict mai shagon kayan mota. Katanga ɗaya suka raba shekaru da yawa kafin rikici ya watsa maƙwabta, su Nneoma suka koma wajen unguwar Abattoir. Gida ya yi nisa, zumunci bai yanke ba. Ngozika, 'yar Nneoma ta fari, a bayan Hanatu ta yi rabin yarintarta, shi ya sa har yau Inna take ce mata.

Wata rana da hantsi Nneoma ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta zube a kan tabarma.

"Maman Zakiyya, wahala ya zo. Auren Ngozi ne."

A al'adar su Nneoma, uban amarya ne zai zuba bammi a kofi ya ba ta, ta zaga cikin taro tana neman angonta, ta durƙusa ta miƙa masa. In ya sha, aure ya tabbata. In bai sha ba, ya ƙi ta ke nan a gaban duniya. To ango, Obum, yaro ne mai hankali, amma giya ta taɓa kai shi gadon asibiti. Da ƙyar ya rabu da ita, ya yi alkawari a coci, likita kuma ya ce ko kurɓi ɗaya kada ya kuskura.

"To a ba shi lemon kwalba mana," in ji Hanatu.

"Oga ya ce lai lai, ba zai yarda ba. 'Yan'uwa zai zo daga ƙauye, za su yi masa dariya. Ya ce sai dai abu fari, mai kumfa, kamar bammi sak, amma babu giya ciki. Ni na ce ke kaɗai zai iya."

Hanatu ta ce za ta yi, tun kafin ta tambayi kanta ta yaya. Da Hammajoda ya ji, ya ajiye carbinsa ya dube ta.

"Ke da ko warinsa ba ki sani ba? Salon a ce a gidana ake dafa giya!"

"Malam, giyar ce nake so in kora daga bakin yaron mutane," ta ce. Ya sake ɗaukar carbinsa, don ya san in ta ɗaure ɗankwali haka, magana ta ƙare.

Aiki ne na makaho da ɗan jagora. Ita ba ta taɓa ɗanɗana bammi ba, ba kuma za ta ɗanɗana ba, sai Oga Benedict ya zama harshenta. Da la'asar in ya rufe shago, sai ya zo ya zauna a benci kusa da Hammajoda, a fito masa da kofi. Ta fara da ruwan kwakwa da madararta, ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Hajiya, wannan kunun aya ne."

Ta ƙara tataccen ruwan abarba, ya ce na yara ne. Ya ce akwai wani ɗan tsami da ke zama a bayan harshe, ya rasa yadda zai faɗe shi da Hausa, sai nuni yake da yatsa a maƙogwaro. Nan Fulatancin Hanatu ya motsa. Tsami dai, ai a cikinsa aka yaye ta. Ta tsiyaye ruwan da ke tasowa a saman kindirmo, ta tace da farin ƙyalle, ta ɗiga. Oga Benedict ya kurɓa, ya ce an kusa.

Sai wata rana ya zo ba ta yi sabo ba, ta zuba masa ragowar na jiya, wanda ya kwana a jarka, ga shi an ɗauke wuta firij ya huce. Yana kurɓa ya miƙe tsaye.

"Ehen! Shi ke nan! Hajiya, kada ki taɓa komai!"

Murnar tasa ce ta sa ta zargi wani abu. Ta koma ta buɗe jarkar, ta ji ta yi huci kamar maciji, ta sunsuna. Wadda ta san abin da kwana ke yi wa nono ba ta buƙatar a gaya mata abin da ya yi wa abarba. Abin ya fara juyawa zuwa giya. Ta fito da jarkar ta tuttular a kwata yana kallo.

"Haba Hajiya! Me ya sa?"

"Oga Benedict, abin da ya yi maka daɗin nan, shi ne abin da zai mayar da surukinka asibiti."

Ranta ya ɓaci ƙwarai ran nan, don saura kaɗan ta aika da guba da hannunta. Ta wanke jarkar har sau ba adadi, ta yi istigfari, ta sake zama. A ƙarshe kumfar ta samo ta daga ruwan soda, cizon harshen kuma daga ɗan lemon tsami da ƙwayar citta. Ta kafa doka: da safiyar biki za a haɗa, a kan ƙanƙara zai zauna, kuma daga hannunta sai hannun uban amarya.

Ranar biki aka kafa rumfuna a ƙofar gidan su Nneoma, kiɗa na tashi, mata sun sha ɗaurin kai kamar za su tashi sama. Hanatu na zaune a gefe cikin hijabinta, jug a cinya, ta rungume shi kamar jinjiri. Da lokaci ya yi ta miƙa wa Oga Benedict, ya zuba. Fari tas, kumfa na tasowa a hankali. Dattawan ƙauye, waɗanda aka riga aka gaya musu gaskiya, suka leƙa kofin suka dubi juna, ɗaya har ya miƙa hanci. Hanatu ta ji kanta ya yi girma, ba ta kuma ɓoye ba.

Ngozika ta karɓa ta shiga taro tana rangaji, samari na kiranta ta kowane gefe, har ta iske Obum, ta durƙusa. Ya karɓi kofin da murmushi. Ya kai shi baki, sai ya tsaya.

An gaya masa babu giya. Amma idonsa bammi yake gani, hancinsa na jin tsamin da ya sani, kuma ga jarkokin bammi na gaske jere a bayan dattawa. Wa ya san wanda aka zuba? Kiɗa ya yi ƙasa. Ngozika na durƙushe, murmushinta na ƙoƙarin zubewa, Nneoma ta dafe ƙirji.

Hanatu ta miƙe. Ta san wayoyi a sama suke, ta san kafin magariba hotonta zai riga ta isa Dilimi, kuma ba kowa zai tsaya jin bayani ba. Ta taka har gaban dattawa, ta ɗauki jug ɗin da kowa ya ga an zuba daga cikinsa, ta cika kofi. Ta yi bismillah da ƙarfi yadda na ƙarshen rumfa zai ji, ta shanye tas. Sannan ta goge baki da gefen hijabi ta dubi ango.

"Obum, ka taɓa jin na sha giya?"

"A'a, Inna."

"To sha, ɗana. Gwiwar 'yata ta gaji."

Ya ɗaga kofin da hannu biyu, bai sauke ba sai da ya ga gindinsa.