Langar da Ta Hana Ni Ƙaura

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, na taɓa ƙulla niyyar kwashe iyalina mu bar Bangi, babban birnin ƙasarmu. Ba rikici ne ya kore ni ba, lokacin ƙura ta riga ta lafa, kasuwa ta dawo. Tsadar rayuwa ce kawai ta kai ni bango.

A unguwar Kilomita Biyar aka haife ni, a gidan da marigayi mahaifina ya gina, kuma a nan nake da ɗan shagona na kayan babur. Wanda ya san garinmu ya san kusan komai a bayan mota yake zuwa mana daga Duwala ta Kamaru, tun daga shinkafa har allura. Ranar da motoci suka maƙale a kan iyaka, kafin labari ya iso farashi ya riga shi. Ni kuwa Allah ya yi ni da son lissafi. Ko goro zan saya sai na ji kuɗinsa a bakin mutum uku. A kasuwa in na yi sallama, abokaina cewa suke, "Ku gyara zama, mai awo ya iso."

Akwai wani abokina da muka taso tare, ya koma Ngaundare a Kamaru da zama. Duk sanda muka yi waya sai ya hura mini wuta.

"Nawa kuke sayen buhun shinkafa yanzu?"

In na faɗa masa sai ya rafka salati. "Kai, ɗan'uwa, wahala kake sha da gangan. Nan nama sai ka ture. Lantarki ba irin naku ba ne. Kuɗin lekol, makarantar yara ma, in ka ji sai ka yi dariya."

Sai in kashe waya in zauna ina auna abubuwa: ruwan da muke saye jarka-jarka, fetur na kwalba, gawayi, sabulu, magani. Ta duk inda na juya lissafin, amsa ɗaya yake ba ni, wato in tashi. Na yanke shawarar sayar da gida in yi jari da kuɗin. Dillali ma bai ɓata lokaci ba, ya kawo mai saye, mutumin ya zagaya ɗakuna yana ƙwanƙwasa bango, aka yi ciniki, aka sa ranar biya.

Saura mahaifiyata, wadda muke zaune tare da ita. Na shirya hujjojina tsaf kamar mai zuwa gaban alƙali, don na ɗauka za a yi daga. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, na zazzage mata komai. Ba ta ko ɗago kai ba har na gama.

"To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta ce. "Kai ne babba a gidan. Abu ɗaya dai, ba a ɗaure kaya da kwanon mutane a ciki. A mayar wa kowa nasa."

Na ce a raina, ashe abin da sauƙi haka.

Ga wanda bai san unguwarmu ba, in mace ta yi girki takan zuba wa maƙwabta da 'yan'uwa. Kwanon da aka kawo miki kuwa ba ya komawa fanko. Zai zauna a gidanki har ranar da kika dafa abin da ya isa a fita da shi. Kowace mace tana da alamarta a gindin kwano, wata ɗigon jan farce, wata layin fenti, don kada a rikice. Tun ina yaro nake ganin wannan, amma ban taɓa ɗaukarsa abin sakawa a lissafi ba. Harkar mata ce, a ganina.

Washegari matata ta shimfiɗa tabarma ta fito da kwanuka, samira da langa da na roba, tana kifa su tana duba gindi. Kafin ta gama, tulin na mutane ya fi namu tsawo. Namu kuwa suna can warwatse, wasu a unguwar Yakite, wasu a unguwar Kokoro. Na ce to a raba wa yara su kai.

Mahaifiyata ta ce, "Sallama ba a aika yaro. Wanda ya ce a tashi, shi zai kai."

Matata ta ƙara da cewa, "Kuma ba fanko ba, Malam."

Ranar na sayi shinkafa da nama da mai kamar mai bikin suna, zuciyata tana ƙuna. Ni da nake gudun kashe kuɗi, ga shi tun ban tashi ba ƙaura ta fara cin aljihuna.

Da ma kun gan ni. Ƙaton magidanci a bayan ɗan moto, kwando a cinya, kwanuka suna ƙara, miya tana bin rigata. Duk ramin da muka faɗa sai na yi salati. Mai babur ɗin ya waiwayo ya ce, "Patron, gidan abinci ka buɗe ne?" Muka wuce ta gaban shaguna, abokaina suka fito suna tafi, wani yana ihu wai a zuba masa na ɗari.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Babu gidan da za ka miƙa kwano ka juya. Sai an shimfiɗa maka tabarma, an kawo shayi, an yi addu'a, tsofaffi sun share hawaye sun ba ka labarin ranar sunanka. Sannan a fito da kwanonmu a cike. Sannan a ce ga ɗan guzuri na hanya, kuma a cikin nasu kwanon. Da la'asar na dawo gida da kaya fiye da wanda na fita da shi. Matata ta duba kwandon ta ce, "Waɗannan ma sai an mayar." Washegari haka, jibi haka. Ana magani kai yana kumbura. Mahaifiyata dai tana zaune a kan tabarmarta tana jan carbi.

A Yakite akwai wata tsohuwa, 'yar asalin ƙasar ce, Musulma, yaren Sango ya fi zama a bakinta, Hausarta tana ɗingishi. Ta karɓi samirarta ta buɗe ta yaba. Da na ce a ba ni namu, sai ta girgiza kai.

"Molenge ti mbi," ta ce, wato ɗana, "wannan kwano ba ya zuwa Kamaru. Ka tuna lokacin da aka rufe hanya, kasuwa babu komai? A cikinsa nake aiko gozo, tuwon rogon nan, da miyar ganyen rogo. Kai ka ci, ka sha ruwa, ka ce matarka ta iya tattali. In na ba ka shi, da me zan aika wa Mamanka?"

Na tuna lokacin sarai. Makonni ne da shago ya kasance a rufe, aljihuna babu ko sisi, amma ban taɓa kwana da yunwa ba. Kuma gaskiyarta, har yabon matata na yi a majalisa, na ce Allah ya ba ni mace mai albarkar hannu.

Da na koma gida na sami matata a madafa. Na ce, "Ki faɗa mini tsakani da Allah, abin da nake ba ki na cefane yana isa?"

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

"Malam, rabonsa da isa tun ina amarya. Tukunya ɗaya nake ɗorawa, in zuba wa gidaje, su ma su zubo mini nasu. Kai kana ganin yau dambu, gobe kifi, ka ɗauka duk kuɗinka ne? Ranar da babu ma ba sai na buɗe baki ba. In azahar ta yi ba a ga hayaƙi a gidan nan ba, za ka ji sallama."

Ni mai awo, na auna farashin komai a gari biyu, ban san abin da ke ciyar da gidana ba.

Na kira abokina. Wannan karon ban tambayi shinkafa ba. Na ce, "Kwanakin da madam ta kwanta asibiti, wa ya riƙa kawo muku abinci?"

Ya ce, "Mutanen kirki ne a nan, wallahi. Amma ka san baƙo. A gidan abinci muka yi ta saye." Can kuma ya ce, "Amma fa da araha!" Muka yi dariya, sai dai tasa ba ta yi tsawo ba.

Duk da haka ban sauko ba, don taurin kai gadonmu ne. Na ce wa mahaifiyata, "Inna, can ma mutane ne. Za mu saba, za a yi zumunci."

"Ƙwarai za a yi," ta ce. "Wannan da kake yawo da shi a kwando, shekara arba'in na yi ina haɗa shi. Kai ƙila kana da arba'in a gaba. Ni ban sani ba."

Da ƙyar da jiɓin goshi aka rage tulin, don daga baya na koyi zuwa da leda ina juye guzuri a tsaye. Ana gobe ranar biya, abu ɗaya ya rage a kan tabarma: wata tsohuwar langa fara mai jan fure, gefen murfinta ya ɗan ɓantare, da ɗigo uku na koren fenti a gindi. Na ɗauka na ce, "Wannan ta wane gida ce? In kai in huta."

Matata ta sunkuyar da kai. Mahaifiyata ta miƙo hannu ta karɓa.

Langar aminiyarta ce ta Kokoro, wadda suka yi zaman amarci a lokaci guda. A kwanakin rikici, da mutane suka yi ta hawa manyan motoci suna barin gari, ita ma ta tafi da 'ya'yanta. Ana gobe za su tashi ta aiko da dambun nama a langar nan, ta ce a riƙe mata, in ta dawo za ta karɓa da kanta. Tun daga ranar babu waya, babu saƙo. Wasu sun ce Cadi, wasu sun ce Kamaru.

Na ce, "Sai mu tafi da ita."

"In ta dawo ta yi sallama, baƙi suka amsa fa?"

"To a bar wa maƙwabta."

"Ni aka kawo wa," ta ce, tana shafa murfin da babban yatsa. "Ka sayar da gidanka, ba zan hana ka ba. Ka dai faɗa wa mai saye ya bar mini gefen zaure, ni da wannan."

Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu mini a ƙirji irin na ranar ba. Na fita na sami dillali na ce an fasa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce tun yana sana'ar nan ya ga an fasa ciniki saboda gado, ya ga an fasa saboda aljanu, amma bai taɓa ganin an fasa saboda kwano ba. Ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, rayuwa ba ta yi sauƙi don na zauna ba. Shinkafa ta ci gaba da hawa, fetur yana nan a kwalba. Abokina ya gina gidansa a can, ina taya shi murna, kuma wani lokacin in kasuwa ta yi tsit nakan ce da na bi shi. Abin da na koya kawai shi ne, in za ka auna tsadar gari, kada ka tsaya a bakin 'yan kasuwa. Ka shiga madafa ka kifa kwanuka ka ga na wa da wa ne. Yanzu yawancin tsofaffin nan sun rasu, har da ta Yakite, kuma kwanonmu bai dawo ba, ban kuma nema ba. Ina kewarsu ƙwarai.

Mahaifiyata ta rasu a ɗakinta, a gidanta, aminiyarta ba ta dawo ba. Langar ta ci gaba da zama a saman kabad, matata tana sauko da ita ta wanke duk Sallah.

Bara waccan, da hantsi, wata mata ta yi sallama. Ta ce daga Cadi take, ta zo duba filinsu na Kokoro, kuma kafin mahaifiyarta ta rasu ta yi mata kwatancen gidan nan ta ce ta zo ta gaida Inna. Muka faɗa mata ta makara. Aka yi kuka, aka yi addu'a. Matata ta tashi ta ɗora tukunya. Da baƙuwar za ta tafi, ta miƙa mata langar a cike. Matar ta ɗaga ta leƙa gindin, ta ga ɗigon nan uku, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Na ce alhamdulillahi, amana ta koma hannun mai ita.

Bayan kwana biyu, na dawo daga shago na tarar da langar a tsakar gida, da nauyinta, dambun nama har baki. Matar ta kawo da sassafe a kan hanyarta ta zuwa tasha. Ta ce a riƙe mata, in ta dawo za ta karɓa da kanta.

Matata ta mayar da murfin, ta dube ni ta ce, "Malam, ko za ka kira dillalin?"