Fitilar Baba Hamidu da Rijiyar Tungar Bawa

Daga Babban Malamin Duba Rijiyoyi na ƙasar nan, zuwa ga jama'ar da suka taru addu'ar bakwai a Gwandu, musamman baƙin da suka zo daga wajen Kalgo. A karanta da ƙarfi, kada a tsallake ko layi ɗaya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab, 1374, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Hamidu Mai Rijiya, magini kuma mahaƙin rijiya.

Baba Hamidu, mun san ka da kaya uku: igiya mai dutse a baki, fitilar gwangwani, da bakin da ba ya rage magana don a ji daɗi. Wani mai shanu a Masama ya taɓa nuna maka bijimi a matsayin ladanka, ya ce ka haƙa masa rijiya a bakin garkensa. Ka ɗebi ƙasar, ka murza, ka ɗanɗana, ka ce, "Babu ruwa wurin ga, riƙe sanka." Ya kira wasu suka haƙa zurfin gaba goma sha biyu. Ramin yana nan, jemagu ne a ciki.

Zanenka a goshin zauruka kuwa har daga Diggi ake zuwa kallo. Amma ba ka taɓa yarda ka ɗora ado a kan bangon da ya tsage ba. Sai ka saki igiyarka, ka nuna wa mai gida yadda bangon ya karkace, ka ce a rushe tukuna. Mutane sun yi fushi da kai, daga baya sun kwana lafiya da damina.

Fitilar ce abin da ya sa aka rubuta wannan takarda. Ba ka shiga rijiya sai ka zura ta da wutarta. In ta dawo tana ci, ka sauka. In ta mutu, iskar ƙasan ta ɓaci, mutum ma haka zai mutu. Bara wani shaƙiyyin jikanka, Adamu, ya zuba ruwa cikin man, fitilar ta mutu, aka rufe lafiyayyar rijiya kwana uku, mata suna tafiya fadama da tulu. Ya bi kasuwa yana ba da labari ana dariya. Ba ka buge shi ba. Ka ce kawai, "Abokina, akwai ranar da za ka so a yarda da kai."

Mako biyu da suka wuce mutanen Tungar Bawa ta wajen Kalgo suka kira ka ka duba tsohuwar rijiyarsu da suke son yashewa. Kun isa da hantsi, kai da jikan nan, ranar kasuwar Kalgo, ƙauyen ba kowa sai tsofaffi. Rana tsaka, amma ko ƙuda babu a bakin rijiyar. Ka zura fitila. A zurfin gaba bakwai ta mutu, ba tare da ta yi rawa ba, kamar an rufe ta da hannu. Ka canja man da kanka, ka zura, ta mutu. Sau uku. Yaron ya leƙa ya yi kira, irin wasan da ya saba, muryarsa ba ta dawo ba. Ka jawo shi baya, hannunka da zafi kamar murhu, ka ce, "Wagga rijiya kar kowa ya shiga. Ka faɗa wa mai unguwa." Daga nan ka zauna a ƙasa. A kan jaki aka kawo ka gida, harshenka bai sake juyawa ba.

Yaron ya koma ya faɗa wa mai unguwa Garba. Garba ya yi dariya ya ce, "Kai ne na bara ko? Wanga karo mi ka zuba?" Sun sa Asabar mai zuwa samari biyu su sauka.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa iskar Aljanna ta same ka a can. Allah Ya ba iyalinka haƙuri, Inno Salamatu da Goggo Huseina, da dukan zuriya.

Saura magana ɗaya. Wanda ya san takardar ofis ya riga ya gane ba da tawadar allo ake rubuta ta ba, yadda aka rubuta wannan. Babu wani Babban Malami. Ni ne Adamu. Na ari babban suna don na san in kun ji nawa, dariya za ku fara tun daga layin farko. Ita ce ƙaryata ta ƙarshe, in Allah Ya yarda, kuma ku gafarce ni da na yi ta a zaman makokinsa.

Baba Garba, ban ce ka yarda da ni ba. Fitilar tana rataye a zaure, ban taɓa ta ba tun ranar. Ku ɗauke ta, ku zuba manku, ku ɗaure mini hannu a jikin bishiya, ku zura ta da kanku kafin kowa ya taka bakin rijiyar. In kuma kun ce ba sai an gwada ba, to ku bar 'ya'yan mutane a sama. Ni za ku fara zurawa.