Ranar da Tudun Kanya Ya Ɓoye Geronsa

Har gobe ba zan manta da ranar da muka je duba Tudun Kanya ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in aikin gona a Damagaram. Damunar shekarar ta rushe gidajen laka da yawa a cikin gari, sai wani furoje, wato shirin agaji, ya yanke shawarar kai wasu iyalai karkara, a yanka musu gonaki su zauna. Ƙauyen da ya karɓe su za a gina masa foraj, wato rijiyar burtsatse.

Ku da kuka shigo aiki kwanan nan, ga yadda irin wannan misiyo, wato ziyarar bincike, take. Ana duba ƙasar noma, da dabbobi, da hatsin da ke rumbu, da shirin da mutane suke da shi in ambaliya ko gobara ta zo. Ƙauyen da ya fi ƙarfi shi ake zaɓa. Misiyon da mutanen karkara suka saba gani kuwa ta neman wanda ya fi yunwa ce, don a raba masa hatsi. Wanda aka aika wurin mai garin Tudun Kanya ya ce masa baƙi na tafe daga Damagaram, bai ƙara komai ba.

Ƙauyen yana yankin Guna, ƙasarsa mai kyau, amma rijiyarsu takan ƙafe da bazara, mata su yi ta tafiya mai nisa da jarka a ka. In akwai garin da ke bukatar foraj, to shi ne.

Mu uku muka je bayan girbi: shugabar tawaga Madam Zeinabu, injiniya ce wadda ba a cika ganin haƙoranta ba, sai ni, sai direbanmu Ilu. Muna shiga na ga abin da ban taɓa gani ba a ƙasar Hausa, gari guda babu ko kaza. Rumbuna a buɗe, an share su tas. Maza sun jeru cikin tsummokara, har da wani mai ƙiba da shatin agogo a hannunsa. A bakin gari an ɗaure wani jaki mai yankakken kunne, duk haƙarƙarinsa a waje.

Na raɗa wa Ilu cewa kamar na ga jakin nan a wani ƙauye kwanan baya.

Ya ce, "Shi ne. Aronsa ake yi duk lokacin da misiyo za ta zo. Ci yake kamar doki, jikinsa ne dai haka."

Mai gari Malam Hassan ya tarbe mu da murya can ƙasa kamar mai jinya. "Ranki ya daɗe, ga mu nan dai yadda kika gan mu. Gero bai yi ba, gyaɗa ba ta yi ba, awaki sun ƙare."

Bai rufe baki ba wata akuya ta yi kuka daga bayan tudu, wasu suka amsa mata.

Ya ce, "Na maƙwabta ne."

Madam ta zaga gari, ta leƙa rumbunan, sannan ta ce, "Allah ya kawo sauƙi, Baba. Mu garin da zai iya riƙe baƙi muke nema, a gina masa foraj. Tunda ku kanku ba ku da abin kaiwa baki, ba zan ɗora muku wasu ba." Ta nufi mato.

Abin ya dame ni, don na san gero ya yi a yankin, kuma na san ba ni da hurumin yi wa shugabata gardama a gaban jama'a. Sai wata tsohuwa, yayar mai gari, ta keto cikin mata.

"Foraj ta ce, Hassan? Wuyanmu ya ƙare a ɗaukar ruwa, kai kuma ka tsaya kana yi wa mutane muryar mara lafiya?"

Mai gari ya yi gyaran murya, sai ga murya ta dawo garau. "Ranki ya daɗe, a ɗan zauna a inuwa. Ina jin an samu canji." Ya ɗaga wa makaɗin gari hannu, aka buga ganga.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Awaki da tumaki suka gangaro daga tudu. Amalanke suka biyo su shaƙe da dammunan gero. Mata suka ɗage kwanduna, kaji suka watsu. Mai shatin agogon nan ya wuce mu a kan sabon babur, bai ma tuɓe tsummansa ba. Mai gari ya shiga gida ya fito da shadda tana ƙyalli, ya sake gaishe mu daga farko kamar yanzu muka iso. Jakin kuwa aka ja shi ta bayan gari. Ni da Ilu muka ɓuya bayan mato muna dariya har da hawaye.

Madam ba ta yi dariya ba. Na ɗauka gari ya rasa foraj ke nan, don ba ta son ƙarya ko kaɗan. Sai ta ce a kai ta inda aka ɓoye kayan. Muka hau tudun da ya fi kowanne tsayi, muka tarar da ramuka an shimfiɗe su da ƙaiƙayi, kowane gida da nasa. Ta yi ta tambaya. Ashe kowace unguwa ta san amalankenta, kowa ya san mai kora dabbobi, kiɗan ɓoyewa daban, na dawowa daban. Daga asuba zuwa hantsi suka kwashe gari.

Ta ce, "Baba, duk ƙauyukan da muka duba babu mai iya hau da abincinsa tudu cikin safiya ɗaya. Ranar da ruwa ya taso muku, gangar nan za ku buga."

Mai gari ya sosa ƙeya. "Wallahi ba mu taɓa tunanin ruwa ba, ranki ya daɗe. Mu dai shirin ma'aikata muke yi."

Tudun Kanya aka zaɓa. Kafin bazara ta biyu foraj ya fara ba da ruwa, iyalan da aka kai suna can suna noma.

Abin da na koya shi ne, mu ma'aikata muka koya musu wannan wasa. Mun daɗe muna zuwa ba mu faɗi abin da ya kawo mu ba, muna saka wa wanda ya fi iya kuka. Tun ranar, ba na zuwa ƙauye sai na aika da bayani dalla-dalla. Duk da haka, bara da aka ce wata misiyo za ta je, Malam Hassan ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya sassauta murya.

"Ɗana, tsakaninka da Allah, waɗannan masu zuwa, da gero suke son ganinmu ko babu?"

Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na tuna ni ma ba a gaya mini ba.