Tsinken Awon Ƙafata

Ni ban taɓa ɓoye wa kowa ba, ina son takalmi. Atamfa ina sonta, jaka ma haka, amma idan na shiga gidan biki ƙafafun mata nake fara kallo. Wata ma sai na gama da takalminta nake ɗagowa in ga ashe 'yar'uwata ce.

A lokacin da nake magana ban san lambar ƙafata ba, don ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Mu matan gidanmu a Birnin Kudu da tsinke muke awo. Ki zaro tsinken tsintsiya, ki taka shi, ki karya daidai kan babban yatsa, sannan ki ɗaura masa zare kada ya haɗu da na wata. Ƙanin mijina direba ne mai jigilar Kano, shi muke ba wa. Yakan soke tsinkayen a jikin hularsa, in ya je kasuwa ya riƙa zura kowanne cikin takalmi har ya sami wanda ya yi daidai.

Ana saura kwana huɗu bikin 'yar kawunmu a Gwaram na ba shi nawa, mai jan zare. Na ce rufaffe nake so, ruwan gwal, mai ɗan tudu a dunduniya. Duk saboda yayata ne, wadda take aure a can. Tun muna yara take kiran ƙafata faranti, a gaban kowa kuwa. Na riga na aika mata cewa ta wanke idonta, ranar Juma'a za ta ga abin da ba ta taɓa sawa ba.

Laraba da yamma ya kawo. Kai, takalmin nan ya haɗu. Na zura ƙafa, yatsu suka shige, dunduniya ta ce ba da ita ba.

Na ce, "Kai, ina tsinkena?"

Ya ciro daga hula ya miƙo. Na taka, na ga ya gaza da kusan gaɓar yatsa. Bakin tsinken a tattaune, har da ɗan maiƙo.

"Direban banza, me ka yi da shi?"

"Wallahi matar yaya, balangu na ci a tasha, nama ya maƙale min. Hannu kawai na kai hula."

"Tsinke biyar a kanka, sai nawa ka gani?"

"Naki ya fi tsawo. Na ce ko an ɗan rage ba za a gane ba."

"Abin da na taka da ƙafata ka sa a baki?"

"Ai shi ya sa naman bai yi gardama ba."

Da muciya na raka shi har zaure. Komawa Kano kuma babu hali, washegari taki ya ɗauka zuwa Zandam.

Ranar Juma'a na shafe dunduniya da man kaɗanya. Mata biyu suka riƙe ni, ɗaya tana turawa da cokali, har ƙafar ta shiga. A mota ina jin bugun zuciyata a yatsun ƙafa. Daga tasha zuwa gidan bikin na taka a hankali, masu kallo suka ɗauka yanga ce.

Ina shiga mata suka hau masha Allah. Yayata ta kalli ƙasa, ta kalle ni, ta ce wai tana da tukunya a wuta. Daɗin da na ji a lokacin har yau ban manta ba.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne gaisuwa. Matar kawu tsohuwa ce, tana ɗaki a kan darduma, kuma ba a shigar mata da takalmi. Na cire a bakin ƙofa. Aka gaisa, aka kawo tuwo, aka yi hira. Kafin in fito ƙafa ta tashi kamar alkubus. Na tura, na murɗa, na yi bisimilla, ko yatsun ma suka ƙi. Mata suka zagaye ni, kowace da shawararta.

Sai ga yayata. "Matsa in gani, ƙanwata." Ta zura ƙafarta, ya zauna mata ɗas. Ta zaga tsakar gida sau biyu tana karkaɗa ƙugu, ana mata guɗa.

"Ashe ni kika yi wa aike. Ga silifas ɗina can bakin banɗaki, ya kai ki gida."

Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ki bar mata mana, ai yayarki ce."

Na ce, "Inna, nono muka haɗa da ita, ba takalmi ba. Ke, cire."

Ta cire tana dariya har da hawaye. Silifas ɗin kuwa ko kallonsa ban yi ba. Na goge takalmina da gefen mayafi, na ɗora shi a tafin hannu daidai kafaɗa, na fito ƙafa ba komai. Ƙasa da sauran zafi, ga tsakuwa, amma ban yi sauri ba. Ta babbar hanya ma na bi.

A tasha wata mata ta matso ta ce, "Hajiya, don Allah a ina kika sayi wannan?"

Na ce, "Kano." Na juya mata shi ta ga dunduniyar da kyau.