Ƙwallon Dabino Uku

Bara ta ba ni wahala. Ban taɓa ganin shekara mai nauyinta ba, ba na kuma fatan in sake gani. Matata ta rasu ana saura kaɗan ruwa ya sauka, motata kuma ta kusa mutuwa da kaka. Na san za a ce bai dace a haɗa mutum da ƙarfe a magana ɗaya ba. To, a gidana dai a haɗe suke, ni ne ban gane ba sai daga baya.

Ni direba ne. Aji huɗu na yi a firamare aka cire ni. Ina karanta lamba, da ɗan abin da ba a rasa ba. Motata tsohuwa ce mai dogon baya, shekara goma sha ɗaya tana hannuna. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari nake yi daga Gumel, sawu huɗu ko biyar, mutane a ciki, awaki a but, wurin kaya na baya, buhuna a sama. Sauran ranaku duk inda fasinja ya samu, Gagarawa ne, Sule Tankarkar ce, ko ƙauyukan da sai an kutsa rairayi. Ita ke ciyar da gidana. Gonar da nake da ita ba ta kai mu wata uku.

Mitar da ke ƙirga tafiya a mace na same ta tun ranar da na sayi motar. Sauran direbobi in sun yi juyen baƙin mai, sai bakanike ya rubuta musu lamba a takarda su rataye, in mita ta kai lambar su koma. Ni ba abin da zan duba. Amma ban taɓa wasa da mai ba. Ban taɓa zuba mata na awo ba, irin wanda ake ɗurawa daga duro a kwalabe a bakin titi. Galan rufaffe nake saya, in juya shi in duba bakin da kaina ko an taɓa fasawa. Mai kauri nake ɗauka, don injin ya tsufa, kuma zafin garinmu in ya sami mai tsinkakke sai ya mai da shi kamar ruwa. Filta mai tace man kuwa, duk juye sabuwa. Akwai masu cewa filta ɗaya tana yin juye biyu. Ni nakan ce musu, to ku yi wanka ku mayar da rigar jiya mana.

Abin da na fi yin baki da shi a tasha shi ne lokacin juye. In an tambaye ni yaya nake sani ba mita, sai in taɓa kunnena. In ce mota magana take yi, wanda bai iya ji ba ne yake neman takarda. Na faɗi wannan ya fi a ƙirga, kuma da gaske nake faɗa.

Ga yadda abin yake faruwa. Kullum bayan asuba ina tayar da motar a ƙofar gida in bar ta ta yi zafi. Matata ta kawo mini koko zaure. Wata safiyar sai ta tsaya da kwanon a hannu, ta ɗan karkata kai.

"Malam, ba ka ji muryarta ta shaƙe ba?"

Sai in yi shiru in saurara. Wallahi sai in ji ta shaƙe ɗin.

"Na ji tun jiya. Ke dai kin cika gaggawa."

"To, Allah ya ba da haƙuri, mai kunne. Sha kokonka kada ya huce."

Ran nan sai in kai motar gareji. Bakanikena sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa a unguwa ɗaya. Ya kwance, man ya zubo, ya murza shi a yatsa ya ce, "Kai dai ba ka kuskure, ɗan tasha. Daidai lokacinsa." Ni kuma in gyara hula.

Matata ba ta da son abin duniya. Abu ɗaya take so, busasshen dabinon nan da ake shigowa da shi daga tsallaken iyaka. Duk Alhamis in na yi sawun ƙarshe sai na saya mata a leda. In ban je kasuwa ba, ba dabino, kuma ba ta tambaya.

Ciwon kai ya fara damun ta, da jiri. Na kai ta asibiti sau ɗaya. Aka ce hawan jini ne, aka ba ta magani da kati, aka ce ta dawo bayan wata guda. Ranar komawar ta faɗo Alhamis. Ta ce in tafi kasuwata, ma je wani makon, ai ta ji sauƙi. Na ce to. Wani makon ya zo ban tambaya ba, ita ma ba ta tayar da maganar ba. Haka aka yi ta tafiya. Wata Asabar da hantsi ta faɗi a bakin murhu. A motar nan na ɗauke ta, kanta a cinyar maƙwabciyarmu. Washegari kafin la'asar ta cika.

Na zauna kwana bakwai na koma tasha, don zama ba ya kawo hatsi. Yaranmu mata sun yi aure, namijin yana Kano wurin aiki. Gidan ya zama ni kaɗai. Kullum da safe ina tayar da mota in zauna a zaure ina sauraro. Muryarta ɗaya da ta jiya. Gobe ma haka. Nakan zare geji, ƙarfen auna mai, in duba, in man ya yi ƙasa in yi ciko. Na ga ya yi baƙi, amma na ce ai baƙin mai sunansa. Wani lokaci zuciyata ta ce an daɗe fa, sai in ce ina, kwanan nan na yi, kuma da tana so da na ji. Kwanakin ma ba rarrabe su nake yi ba a lokacin. Damina ta zo ta wuce, aka yanke gero, aka fara cire riɗi. Dabino kuwa ko wurin masu sayar da shi ba na bi.

Wata Alhamis da kaka, a sawu na uku, na taso daga Maigatari da mutum tara da raguna biyu. Mun yi kamar rabin hanya sai jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa. Ta kawo, ta ɗauke, ta sake kawowa. Na tsaya na duba geji, mai a cike. Wani dattijo a gaba ya ce, "Direba, lafiya?" Na ce waya ce ta saki. Ƙarya nake yi. Na lallaɓa a hankali, babura suna wuce mu, har Gumel. Na sauke mutane na miƙe gareji.

Bakaniken ya buɗe murfin da ake zuba mai, ya zura yatsa ya fito da shi. Abin da ya biyo yatsan ba mai ba ne. Baƙi ne ƙirin, mai danƙo, kamar daddawar da aka kirɓa. Ya ɗaga yatsan sama don sauran masu gyara su gani.

"Jama'a, ku zo ku ga miyar mai kunne! Kai ɗan tasha, ina kunnen? Auduga ka cusa?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

"Ciko kake ta yi mata ko? Sabo a kan ruɓaɓɓe. Yaushe rabonka da juye?"

Ya tsaya yana lissafi da kansa, yana kallon sama. Na ga lokacin da ya gano. Ya sauke yatsan ya goge a tsumma, ya ce wa mutanen kowa ya koma aikinsa.

"Tun kafin rasuwa ke nan," ya ce a hankali. "Allah ya jiƙan ta."

"Amin."

Ya ce kada in sake murza makullin. Dauɗa ta toshe rariyar da ke tsotso mai daga kwanon ƙasa, injin yana aiki da ƙishirwa. Gobe da safe in kawo galan biyu da filta biyu. Zai sauke kwanon ya wanke, ya zuba na farko ya ɗauraye cikin, ya zubar, sannan ya zuba na biyu. In fitilar ta ɗauke, mun tsira. In ba ta ɗauke ba, sai an sauke inji gaba ɗaya. Shi ya san, ni ma na san, ba ni da halin sauke inji. In ta kai ga haka, motar ta zama ta masu sayen ƙarfe, ni kuma in koma neman wanda zai ba ni tuƙi da furfurata.

Na tafi gida a ƙafa. Na tarar da babbar 'yata ta zo daga Sule Tankarkar. Ta daɗe tana cewa za ta zo ta gyara ɗakin uwarta, ni nake hana ta. Ran nan ba ta nemi izinina ba. Ta fito da komai tsakar gida, tana kaɗe tabarmi. Ta dube ni ta ce, "Baba, ina motar?" Na faɗa mata. Na zauna a kan turmi.

A cikin tarkacen da ta tara za ta zubar na hango wani gwangwanin madara mai murfi, ya yi tsatsa a baki. Na san shi, a bayan madubinta yake zama. Na ɗauka ko allura ce a ciki. Na girgiza, ya yi ƙara. Na buɗe. Ƙwallon dabino ne guda uku, an sha su tas.

"Wannan kuma na mene ne? Ajiyar ƙwallo take yi?"

'Yar ta tsaya da tsintsiya a hannu. "Au, Baba, wai ba ka sani ba?"

"Da na sani zan tambaya?"

"Ai na juyen motarka ne. Duk Alhamis in ka kawo dabino, wanda ta fara ci sai ta jefa ƙwallon a nan. In sun kai biyar, da safe ta ce maka mota ta shaƙe. Ran da ka yi juye ta zubar, ta sake sabon ƙirge. Tun ina gida take yi."

"Ba muryar take ji ba?"

Ta yi 'yar dariya, hawaye na zubo mata. "Inna? Inna da ba ta bambance kukan motarka da na injin niƙa? Cewa ta yi wai farkon sayen motar ta ji bakanike yana yi maka faɗa a ƙofar gida, ya ce kasuwa biyar ka dawo. Ta san ba za ka riƙe ba. Na ce mata to ta faɗa maka kawai mana. Ta ce a'a, a bar wa babanku kunnensa, shi yake taƙama da shi a tasha."

Na ci gaba da kallon cikin gwangwanin. A ƙasan ƙwallayen akwai takarda a ninke. Na zaro. Katin asibitin nan ne. Lamba ai ina karantawa. Ranar da aka ce ta koma tana nan a rubuce da biro, ba a sake rubuta komai a ƙarƙashinta ba.

Shekara goma sha ɗaya tana ƙirga wa motata mako. Ni ranarta guda ɗaya ban riƙe ba. Na san rai na Allah ne, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma makon nan na biyu da ban ce mata tashi mu tafi ba, wannan nawa ne.

'Yar ta miƙo hannu. "Kawo in zubar, Baba, duk ya yi tsatsa."

"Bar shi."

Ta zuba mini tuwo, na ci loma biyu don kada ta damu.

Washegari Juma'a na yi sammako. Na tsaya shagon mai na ɗauki galan biyu masu kauri, na duba bakinsu, na ɗauki filta biyu. Bakaniken ya riga ni zuwa. Ya shiga ƙarƙashin motar, na riƙe masa kwano. Abin da ya kankaro daga rariyar ya cika tafin hannu. Muka zuba na farko, ya tayar, ya kashe, ya zubar da shi baƙi. Muka ɗaura ɗaya filtar, muka zuba na biyu. Ya ce in murza. Fitilar ta kawo ja, ta tsaya, ta tsaya, har na fara salati. Sannan ta ɗauke.

Ya kara kunne a jikin injin ya daɗe. Ya ce an ɗan ci ƙarfe, ba za ta koma kamar da ba, amma za ta yi aiki in na rage mata kaya. Ya ɗago yana murmushi, yana so ya gyara abin jiya.

"To mai kunne, ya ka ji muryarta yanzu?"

"Ban ji komai ba. Ban taɓa ji ba."

Na fito da gwangwanin daga aljihu. A ƙa'idarta ranar juye ake zubarwa. Na juye ƙwallayen a tafin hannuna, na dubi bolar gareji, na mayar da su ciki tare da katin. Na ce wa bakaniken daga yau in sun kai takwas, ukun nan nata da biyar nawa, zai gan ni. Na sa gwangwanin a akwatin gaban mota, na tuƙa ta a hankali zuwa gida, don in mayar da 'yata Sule Tankarkar kafin a tafi masallaci.