Ƙarangiyar Inna Rekiya

Kafin rana ta yi zafi, Inna Rekiya ta riga ta share ɗakin awo na asibitin Jangeru, ta zauna jiran masu ciki da masu jego. Kullum akwai ƙarangiya maƙale a gefen mayafinta. Kada ka ce za ka cire mata, sai ta doke hannunka, don da ita take koyarwa.

Ku tambayi Saliha. Jarirai biyu gudawa ta ɗauke mata. Ranar da ta haifi ta uku, surukarta Gwaggo Fatimatu ta kawo ƙoƙo, za a tatse dakashi a zubar yadda aka saba. Wai nonon farko ƙazanta ne, a ba jinjira ruwa tukuna.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ciro ƙarangiya ta manna wa tsohuwar a zane.

"Gwaggo, hakanga ƙwayoyin cuta suke. Ƙaya gare su, kuma wani irin sukari da ke jikin hanjin yaro suke lalube su kama. To, nonon uwa shina da sukari mai kama da shi, a dakashi ma ya fi yawa. Sai su ruɗe su kama na nonon, su bi kashi su fita."

"Ikon Allah! Ashe tsumma ake jefa musu?"

"Kin gane, Gwaggo."

Tsohuwa ta kife ƙoƙon, ta ce wa Saliha, "Ba ta ta sha."

Ke ce uwar masu jego, Inna, mai haƙuri da tsofaffi. Ko lokacin da hanya ta ɓaci, masu babur suka daina shiga ƙauyuka, ba ki rufe ɗakin nan ba.

Ranar da aka yi miki bankwana da aiki, Mubaraka, jinjirar nan, ta sheƙo a guje ta cikin ciyawa, siket duk ƙarangiya. Saliha ta durƙusa tana cire mata, sai hawaye. Ta ce, "Inna, ban taɓa samun ɗiyar da ta yi girman kwaso ƙarangiya ba sai wagga."

Wallahi ni ma na yi kuka. Allah ya saka miki da alheri, Inna Rekiya. Ku kuma da kuka gaji ɗakin nan, in kun ga ƙoƙo a hannun tsohuwa, ku zauna ku yi mata bayani har ta kife shi da kanta.