Salome da Rumbunan Dauda Masu Zanen Zabo

Salome ɗiyar Dauda magini ce. An haife ta a wani ƙauye tsakanin Galma da Madawa, a shekarar da gero ya yi kyau har aka rasa inda za a zuba shi. Dauda rumbu yake ginawa, irin na laka mai ciki kamar tulu, wanda ake ɗora gindinsa bisa duwatsu, a tashe shi zobe bisa zobe da hannu, a bar kowane zobe ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Kirista ne, tun yana saurayi. Taubashinsa Alhusaini musulmi ne, shi ma magini, kuma ba su taɓa haɗuwa a hanya sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

Dauda yana da wata al'ada da babu maginin da ke yin ta a yankin. Kowace shekara, idan gabas ta fara haɗa hadari, sai ya ɗauki ƙwaryar farar ƙasa ya bi rumbunan da ya gina ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya ga tsaga, ko da ba ta wuce gashin kai ba, sai ya zagaye ta da fari, ya kira maigidan ya nuna masa, sannan ya yaɓe. Bayan yaɓen ma ba ya goge zanen. Saboda haka rumbunansa duk ɗigo-ɗigo suke kamar bayan zabo. Na Alhusaini kuwa sumul suke, ja wur, har baƙo kan tsaya ya shafa.

Salome ta sha kunya da wannan zane tana yarinya. Yara na kiran ta ɗiyar mai zabbi. Ta taɓa ɓoye ƙwaryar a ƙarƙashin gadon innarta, Dauda ya nemo wata ya ci gaba da aikinsa.

Ta yi lakwal, wato makarantar boko, a mishan, ta koyi Faransanci da bugun tafireta, aka ɗauke ta sakatare a biro, wato ofishin asibitin mishan. Waɗanda suka san biron a lokacin suna tuna ƙarar yatsunta tun daga bakin ƙofa, da ƙaramin kwanon gyaɗa da take ajiyewa kusa da mashin don masu jira. Shugaban biron Malam Amos ne, ɗan ƙauyensu, mutum mai tabarau da son karatu, wanda ko takardar da aka naɗe masa tsire da ita sai ya karanta kafin ya jefar.

A shekarar 1998 aka kawo ordinatar, wato kwamfuta, aka ja masa layin talho. Idan za a shiga intanet sai akwatin ya yi ta kuka kamar ɗan akuyan da aka raba da uwa, kafin ya kama Yamai. Hoto kuwa daga sama yake saukowa layi-layi, mutum zai iya cin gyaɗarsa ya sha ruwa kafin fuska ta kai haɓa. A cikin ordinatar ɗin akwai navigatar guda biyu, wato manhajar da ake buɗe shafukan duniya da ita, kowace da kamfanin da ya yi ta. Salome ta saba da ɗaya, da ita take nemo wa likitoci bayanin magunguna.

A wannan shekarar ce ƙauyensu ya kafa bankin hatsi, inda za a tara gero da kaka a sayar wa mutanen gari da sauƙi lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Ana bukatar babban rumbu, kuma kwamiti ne zai zaɓi magini. Malam Amos yana cikin kwamitin. Magana ta riga ta bazu cewa Alhusaini za a ba, domin kowa na ganin tsagar rumbunan Dauda da idonsa. Dama aiki ya ja baya ga Dauda, matasan magidanta duk wurin taubashinsa suke zuwa.

Wata Lahadi bayan sujada, Salome ta kai wa mahaifinta fura, ta same shi yana gyaran igiyar guga.

"Ɗiyata," ya ce, "in ba su ba ni rumbun ga ba, na aje gini. An ce ana biɗar mai gadi Madawa, gidan albasa. Can zan tahi."

"Baba, kai da gadi? Kai da ke barci tun kaji ba su hau ba?"

"To, sai ɓarayi su tashe ni in sun gama."

Ta yi dariya, amma ta koma gida da nauyi a zuciya. Ta san hannun da ya saba da laka ba zai daɗe a kan sandar gadi ba.

Cikin makon nan wata mujallar Faransa ta iso biro, ta yi watanni a hanya. Malam Amos ya shigo da ita a buɗe.

"Salome, navigatar taki duk huji ce. Ga shi sun rubuta. Mugun mutum na iya shirya shafi, ke ki buɗe, shi kuma shi leƙa cikin ordinatar shi karanta takardunmu. Taki an ƙirga mata huji rututu, waccan ɗayar 'yan kaɗan. Ki cire ta yau."

Maganar ba ta wasa ba ce, akwai takardun marasa lafiya a cikin akwatin. Amma Salome ta roƙi a bar ta ta duba tukuna. Da la'asar, lokacin da layi ke ɗan sakewa, ta shiga shafin masu navigatar tata. Hujin da mujallar ta ƙirga duk suna nan, ba su ɓoye ko ɗaya ba. Su da kansu suka jera su, kowane da bayanin inda yake, da godiya ga wanda ya gano shi, da facin da za a ɗauko a toshe. Sai ta leƙa shafin ɗaya kamfanin. Can babu irin wannan bayani, sai talla da yabon kai. Da ta ƙara bincike ta ga masana na waje suna kukan cewa masu wannan kamfanin ma suna da nasu hujin, sai dai sukan gyara a shiru cikin sabon fitowa, wani lokaci sai an yi ta yi musu ihu. Mai mujallar abin da aka bayyana kawai ya ƙirga.

Ta kira Malam Amos. Ya ja kujera, ya gyara tabarau, ya karanta har ƙasa, yana motsa leɓe.

"To ashe taki ta fi?"

"Ban ce ba, Malam. Akwai huji guda cikin tawa da ya fi duk na waccan muni, kuma sun daɗe kafin su toshe shi. Abin da na ce, wanda ya ƙirga bai yi adalci ba. Ɗaya ta nuna nata, ɗaya ta yi shiru, sai anka ce mai shiru ce lafiyayya."

Malam Amos ya cire tabarau. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har mai shara ta leƙo.

"Ke ɗiyar ga! Ai wannan kamfanin babanki ne! Farar ƙasa kawai suka rasa!"

Salome ta daɗe tana kallon gilashin ordinatar. Ta tuna ƙwaryar da ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Ranar ta ɗauko facin, layi ya yanke, ta sake, ya yanke, har dai ta toshe. Navigatar ta zauna.

Amma Malam Amos ya ce shi ba zai yi maganar a kwamiti ba, kada a ce ya bi son sakatarensa. In tana da magana, ta zo ta faɗa da bakinta.

An yi taron ranar kasuwa da hantsi, a inuwar gawo. Maza a kan tabarmi, mata a gefe da tsintar wake. Dauda da Alhusaini suna zaune kafaɗa da kafaɗa, suna raba goro.

"Taubashi," in ji Alhusaini, "in sunka ba ka, sai mu sa wa banki suna Gidan Zabbi."

"In kai sunka ba, sai mu sa mai kwalli da jan baki, tunda kwalliya kake ginawa."

Salome ta nemi izni, ta durƙusa ta gaida manya. Ba ta kawo zancen ordinatar da tsawo ba, ta ce kawai a wurin aikinta ta ga yadda ake zaluntar mai bayyana laifinsa. Ta roƙi a daina ƙirga zane, a tambayi mata masu sussuka da daka, domin su ne ke ganin geron da ya sha ruwa.

Mata suka ajiye wake. Ɗaya ta ce rumbunsu na Dauda ne, ya taɓa zuba daga wuya, amma da yake akwai zane a wurin, mijinta ya san inda zai duba, ya yaɓe da kansa. Wata ta ce nasu na Alhusaini ne, bai taɓa zuba ba sai shekarar da Alhusainin ya tafi cin rani Kwatano bai dawo kafin damina ba, ruwa ya shiga, aka rasa ta ina, damman ƙasa duk suka yi baƙi. Sai Habsa matar Alhusaini ta gyara lulluɓi.

"Ku bari in hwaɗa muku. Mutumen ga, in damina ta matso, ko kunu ba shi sha. Daga masallaci sai shi ɗau kaskon laka shi bi bayan gidajenku shina lallaɓe kamar mai satar kaji. Tsaga kam akwai ta, ni ka wanke rigar!"

Wurin ya kaure da dariya. Alhusaini ya rufe fuska da hula.

"Baba Alhusaini bai cuci kowa ba," in ji Salome. "Gyara yake, kuma yaɓensa ya fi na babana kyau da ƙarko, kowa ya sani. Babana ma wuyan rumbunsa yakan yi siriri, nan ne yake yawan tsagewa."

"Ke!" in ji Dauda. "Wa ya aiko ki, ni ko shi?"

"Gaskiya ta aiko ta, taubashi, zamna!" in ji Alhusaini.

Ta ƙarasa da cewa rumbun banki na kowa ne, zai daɗe fiye da maginin da ya gina shi, don haka gara wanda kowa ya san inda rauninsa yake. Dattawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Aka ba Dauda ginin, da sharaɗin ya kaurara wuya. Dauda ya ce shi ma yana da sharaɗi, Alhusaini ne zai yi yaɓen ƙarshe, tunda ɗiyarsa ta tona masa asiri gaban jama'a.

Haka aka yi. Rumbun ya tashi da kaka, har daga hanyar Buza ana hango shi. Dauda bai je gadi ba, ya ci gaba da gini har ƙarfinsa ya ƙare. Da damina ta matso sai aka ga Alhusaini da rana tsaka yana zagaye tsagar rumbunansa, amma da jar ƙasa, wadda sai an matso ake gani. Ya ce shi ba zai yi zabbi ba ko za a kashe shi.

Salome ta yi shekaru a biron, ordinatoci suka zo suka wuce, navigatar tata ma aka daina yayinta. Duk wanda ya kawo mata labarin cewa abu kaza ya fi abu kaza yawan aibi, takan miƙa masa kwanon gyaɗa ta tambaye shi wa ya ƙirga, kuma wa ya nuna nasa da kansa. Ƙwaryar farar ƙasar tana ɗakinta har yau, a saman kabad, inda kowa ke gani.